Yadda za ka zaɓi laftof mai araha ta maye gurbin tsohuwa: jagora ga mai saye a Birnin Kebbi

Aikin da ake yi da laftof a yawancin gidajenmu bai taka kara ya karya ba. Maigida ya buga takarda ko ya yi lissafin shago, uwargida ta cike fom ta intanet, ɗalibin Waziri Umaru ko na jami'ar tarayya da ke Kalgo ya rubuta furojet, ƙanensa ya yi atisayen JAMB, da dare a kalli tafsiri ko ƙwallo. Irin wannan aiki ba ya son kwamfuta mai tsada. Abin da yake so shi ne wadda za ta jure zafin bazara, da ƙurar hunturu, da wutar da ba ta zama. A ganina, mai ƙaramin ƙarfi gara ya sayi tokumbo, wato ta hannu da aka kawo daga ƙasar waje, irin ta ofis wadda ya gwada da hannunsa, da ya sayi sabuwa fil a kwali wadda cikinta ba komai. Ga yadda ake bi.

Da farko, ka tabbata tsohuwar ta mutu

Kafin ka fara tambayar farashi, ka kai tsohuwar wurin mai gyara ya duba. Sau da yawa abin da ake kira mutuwa caja ce ta ƙone, ko batir ya gaji, ko fanka ta cika da ƙura har kwamfutar take kashe kanta in ta yi zafi. Idan kuma kukanka nauyi ne, ka kunna ta ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama buɗewa ba, to mai laifin galibi tsohon faifan ajiya ne mai juyawa, wanda suke kira HDD. A cire shi a sa SSD, wato faifan zamani mai sauri, a ƙara ram, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, sai ka ga kamar an canza ta.

Inda gyara ya zama asara shi ne in bod, wato babban allon cikinta da komai ke haɗe da shi, ya ƙone, ko sikirin da batir da maƙalar murfi duk sun tafi tare, ko kuma kwamfutar ta haura shekara goma. Idan kuɗin gyara ya kusa rabin kuɗin wata mai kyau, ka haƙura da ita.

Lambar furosesa: nan ake cin mutane

Ka shiga shago, mai shago zai ɗago wata ya ce, "Alhaji, wagga Core i7 ta, ba ta da na biyu." Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Akwai i7 ta 2011, akwai ta shekarun nan, kuma tambarin da aka manna kusa da kibod bai isa ya raba maka su ba. Abin da za ka nema shi ne cikakkiyar lambar furosesa, wato injin da ke sarrafa aikin kwamfutar, domin ita ke nuna zubin da ta fito, abin da 'yan kasuwa ke kira janareshan.

Karatunta ba wuya. Ka dubi lambar da ta biyo bayan ɗan karan tsakiya. A i5-6300U, shidan farko na nufin zubi na 6, na shekarar 2015. A i5-8250U, zubi na 8 ne, wanda ya fito a 2017. Idan lambar ta fara da 10 ko 11 ko 12, kamar i5-10210U ko i5-1135G7, to zubi na 10 ne ko na 11, da sauransu. Ita kuwa i7-2620M, duk da sunanta mai kwarjini, zubi na 2 ce, kusan sa'ar yaron da zai yi atisayen JAMB a kanta ce.

Iyakar da zan ja maka ita ce zubi na 8, kuma dalilai biyu ne. Na farko, daga wannan zubin ne Intel ta mayar da i5 na siraran laftof mai ƙwaƙwalwa huɗu maimakon biyu, shi ya sa i5-8250U ta fi i7-7500U ƙarfi duk da cewa a suna i7 ce babba. Na biyu ya fi muhimmanci. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, sai wani ɗan shirin ƙarin wa'adi da ta buɗe zuwa Oktoban 2026. Windows 11 kuwa, a hukumance, tana son furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Ka sayi zubi na 6 ko na 7 yau, ka sayi abin da kamfanin ya riga ya juya wa baya. Za ka tarar da irinsu a kasuwa an cusa musu Windows 11 ta bayan gida, suna aiki lafiya lau a shago, amma babu wanda ya ɗaukar maka alkawarin sabuntawa za ta ci gaba da zuwa. Saboda haka ganin Windows 11 a fuskar kwamfuta ba hujja ba ce. Lambar ce hujja.

Idan ta AMD ce, Ryzen 5 3500U ko abin da ya fi ta ya wadatar. Kuma i3 ta zubi na 8 ko na 10 ba abin raini ba ce ga mai buga takarda da kallo kawai, in an rage maka kuɗi sosai.

Ram da ma'ajiya

Ram 8GB shi ne mafi ƙaranci. Da 4GB Windows 11 za ta tashi, amma ka buɗe Chrome da Word tare ka ga yadda za ta riƙa ja da ƙafa. Ka tambaya ko ram ɗin na cirewa ne ko an narka shi a jikin bod, domin mai gurbi za ka iya ƙara mata zuwa 16GB in hali ya samu. Ka sani kuma ram ɗin tsohuwarka, in DDR3 ne, ba zai shiga gurbin DDR4 ba.

Ma'ajiya dole ta zama SSD, 256GB ya isa gida. Mutane da yawa na ruɗuwa da girma, su zaɓi HDD mai 500GB ko 1TB su bar SSD mai 256GB. Kuskure ne. Bayan sauri, SSD ba shi da abin da ke juyawa a ciki, don haka jijjigar kabu-kabu ko faɗuwa daga kan kujera ba ta cika kashe shi ba. In finafinai da hotuna sun yi yawa, faifan waje na nan.

Waɗanne ne za ka nema, waɗanne za ka guje wa

Kamfanoni a Turai da Amurka kan sayi laftof da yawa su ba ma'aikata, bayan shekara uku ko huɗu su sauya. Su ne ke sauka a Legas, su bazu daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja zuwa Kano da Abuja da Sakkwato har su iso mu. An ƙera su don aikin yau da gobe, kuma saboda yawansu, batir da kibod da sikirin ɗinsu ba su da wahalar samu. Sunayen da za ka riƙe: HP EliteBook 840 G5 ko G6, HP ProBook 440 G5 ko G6, Dell Latitude 5490, 5400 ko 7490, da Lenovo ThinkPad T480. Ko a cikin waɗannan sai ka duba lamba, domin wasu T480 da Latitude 5490 sun fito da zubi na 7.

Ni T480 na fi so wa wanda ke zaune inda wuta ke wuya, kamar ƙauyukan Argungu ko Bunza, saboda tana iya ɗaukar batir biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje, kuma na wajen ana cire shi da hannu a sa babba mai 72Wh. Amma HP ta fi yawa a hannun masu gyaranmu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ranar da wani abu ya lalace. Ka tambayi mai gyaran unguwarku wace ya fi samun kayanta kafin ka yanke shawara.

Abin gudu na farko shi ne sabbin nan masu sheƙi da araha, masu furosesar Celeron irin N4020, ram 4GB a narke, da ma'ajiyar eMMC mai 32GB ko 64GB. Kwali sabo, leda sabuwa, amma sabuntawar Windows kaɗai na iya cinye wurin, kuma yawancinsu ba a iya ƙara musu komai. Araha ba ta ado.

Na biyu Chromebook. Tana da sauƙin kuɗi, batir ɗinta na daɗewa, sai dai ba Windows take amfani da ita ba, ba za ka sa mata manhajar atisayen JAMB ta Windows ba, kuma akasarin aikinta na son intanet. Wasu ma daga makarantun waje suka fito a kulle. MacBook ta hannu kuwa, a bar wa mai kuɗin gyaranta. Haka masu sikirin na taɓawa da masu naɗewa baya: kwalliya ce da za ka biya sau biyu ranar da gilashin ya fashe.

Ka bambance tokumbo da ta hannu wadda aka yi amfani da ita a nan gida. Ta gida ba laifi ba ce in ka san mai ita, amma ta sha janareto da zafi, ta yiwu kuma an buɗe ta sau da yawa. Farashinsu bai kamata ya zama ɗaya ba.

Kuɗi

Ba zan faɗi farashi ba, domin yana bin dala, tun ma ba daga 2023 da aka saki naira ba. Abin da za ka yi shi ne ka zaɓi samfuri ɗaya, misali 840 G5 mai i5, 8GB, 256GB, ka tambayi shago uku a cikin gari, ka kira wani naka a Sakkwato ko Kano ya tambayo maka. Da haka za ka san tsakiyar farashi. Wadda ta faɗo ƙasa da wannan sosai, akwai dalili, ka neme shi. Kada kuma ka zuba duk abin da ke aljihunka a kan kwamfutar. Ka ware wani abu na sabon batir ko caja, da jaka mai soso.

Gwaji a shago

Wannan shi ne zuciyar al'amarin, kuma yana cin kamar rabin awa zuwa awa ɗaya. Kada ka je ana gab da kiran Magariba, kada ka je kana sauri. Ka tafi da wayarka mai data, da filashi, da abin sauraro na kunne. Mai shagon da ya ƙi bari ka gwada ya riga ya ba ka amsa.

Ka fara da jiki. Buɗe murfin ka rufe sau da yawa: in yana ƙara, ko gefen sikirin na ɗagawa, maƙalar ta kusa karyewa. Ajiye ta a kan tebur ka ga ko ta zauna daidai. In ƙasanta ya yi tozo, ko wurin jan yatsa ya ɗago sama, batir ne ya kumbura, kuma kumburarren batir haɗari ne a zafin da ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Dubi kusoshin ƙasa, in kawunansu sun cinye an sha buɗe ta.

Sai ka kashe ta gaba ɗaya ka kunna, ka shiga BIOS, wato shafin saiti da ake buɗewa kafin Windows ta tashi. A HP ana danna F10, a Dell F2, a ThinkPad F1, da zarar ta fara tashi. In ta nemi kalmar sirri kuma mai shago bai san ta ba, ka mayar masa da abarsa. Wannan kulle ba irin wanda ake sharewa da sake loda Windows ba ne. A nan cikin BIOS za ka ga lambar siriyal, ka gwada ta da wadda ke ƙasan kwamfutar. In sun saɓa, an sauya bod ko an sauya jiki. Kana iya sa lambar a shafin tallafi na HP ko Dell ko Lenovo ta wayarka, ya nuna maka ainihin samfurin.

Bayan ta shiga Windows, danna Ctrl da Shift da Esc tare. Task Manager zai buɗe, ka je Performance. Nan za ka ga lambar furosesa, da yawan ram, da ko faifan SSD ne ko HDD. Abin da ka gani a nan shi ne gaskiya, ba takardar da aka manna a murfi ba.

Yanzu batir, kuma a nan nake so ka daɗe. Kowane mai shago zai ce maka awa huɗu ko biyar take yi. Kada ka yi musu, ka tambayi kwamfutar da kanta. Ka rubuta cmd a wurin bincike, baƙin allo zai buɗe, ka rubuta powercfg /batteryreport ka danna Enter. Zai nuna maka inda ya ajiye rahoton, ka buɗe shi. Layi biyu kake nema: Design Capacity, wato ƙarfin da aka ƙera batir da shi, da Full Charge Capacity, wato abin da yake iya ɗauka yanzu. Misali batir ɗin 840 G5 kusan 50,000 mWh ne yana sabo. In ka ga na biyun ya nuna 40,000, kashi 80 cikin ɗari ke nan, ka samu mai kyau. In 22,000 ne, bai kai rabi ba, sai a cire kuɗin sabon batir daga farashi ko a sauya maka nan take. Ni abin da ya gaza kashi 70 ba na ɗaukarsa a cikakken kuɗi. Amma rahoto kaɗai bai isa ba, domin batir na jabu na iya faɗin ƙarya. Ka zare caja, ka ƙara hasken sikirin, ka kunna bidiyo na minti goma sha biyar kana kallon kason. In ya sauka sannu a hankali, madalla. In ya yi tsalle daga 60 zuwa 35, ko ta ɗauke ɗif, magana ta ƙare.

Yayin da bidiyon ke tafiya, kasa kunne ga fanka, ka sa hannu a inda iska ke fita. Ɗumi ba komai, amma ƙarar gurzawa ko zafin da hannu ba zai jure ba alama ce. Buɗe farin shafi ka cika sikirin da shi, sannan baƙi, ka nemi ɗigo ko layi ko farin tabo. In ka samu mai 1920×1080 ya fi mai 1366×768 daɗin karatu, musamman ga mai doguwar takarda.

Buɗe Notepad ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Ka lura da jerin haruffan: waɗanda suka fito daga Faransa layin sama na farawa da AZERTY, na Jamus da QWERTZ, wasu kuma an manna musu sitika don a ɓoye. Kai QWERTY kake so. Ga mai rubutu da Hausa, Windows na da tsarin kibod na Hausa da ake ƙarawa a saitin harshe, ana samun ƙ da ɗ da ɓ ba tare da an sayi komai ba.

Sauran gwajin na minti biyar ne: soka filashi a kowane rami, haɗa ta da intanet ɗin wayarka, buɗe kyamara, gwada sifika da abin magana. A Settings, ƙarƙashin Accounts, duba Access work or school ka tabbata ba a ɗaure ta da wani kamfani ba. Akwai ma wani kulle da ba ya fitowa sai ranar da aka sake loda Windows, ta tashi tana neman imel ɗin kamfanin da ya mallake ta a da. Shi ya sa ya kamata ku yi magana tun a shago cewa in hakan ta bayyana za a karɓa.

Caja, rasit da sharaɗi

Caja ta asali tana da ɗan nauyi, rubutun jikinta a fili yake, galibi 45W ko 65W. Ta jabu fayau take, tana zafi da wuri, kuma ita ke kashe bod da batir. Dell na da wata ɗabi'a mai amfani: in ba ta gane cajar ba za ta yi gargaɗi lokacin tashi, ta ƙi cika batir. In kwamfutar na caji ta USB-C riba ce, domin babban fawa-bank mai ba da 65W ko ƙaramar sola ta gida na iya riƙe ta.

Ka nemi rasit mai sunan shago, da samfuri, da lambar siriyal, da kwanan wata, da kwanakin garanti a rubuce, ko da mako biyu ne. "Ai mu 'yan gida ne, Malam, in ta yi wani abu ka dawo" magana ce mai daɗi, amma a rubuta ta. Rasit ɗin kuma shi ne garkuwarka ranar da wani ya ce tasa ce aka sace. Don haka kada ka sayi laftof a hannun wanda ya tare ka a tasha, ba caja ba rasit, yana cewa matsuwa ce.

In dole sai an aiko maka daga Kano ko Legas ta mota, ka sa wani naka ya je ya yi gwajin nan a madadinka. In babu, a kira ka ta bidiyo a nuna maka Task Manager da rahoton batir da lambar siriyal kana kallo, kuma kada ka tura duka kuɗin ga wanda hoto kawai ka sani.

Makon farko a gida

Ka matsa mata aiki tun garanti bai ƙare ba. Ka sa a sake loda mata Windows mai tsabta, a bar tarkacen manhajojin da aka cika ta da su. Windows na zuwa da maganin bairos nata, Microsoft Defender, kuma ya isa gida. Ka yi manyan sabuntawa inda data ke da sauƙi, sannan ka shiga saitin Wi-Fi ka kunna Metered connection, in ba haka ba za ta shanye datar wayarka cikin dare. Mai T480 ya tabbata ya sabunta manhajar Thunderbolt, mai kula da ramin USB-C, daga Lenovo, domin tsohuwar na iya lalata ramin cajin.

Kada a ɗora ta kan katifa ko filo ko kafet, suna toshe hanyar iska. Tebur, ko ko da ɗan katako ne. Da hunturu a rufe ta a jaka in ba a aiki, kuma kafin bazara ta kama a kai ta a hure fanka. In za a tada janareto ko za a kashe shi, a zare caja tukuna, haka in aka kawo wuta a ɗan jira ta daidaita, haka lokacin tsawa da damina. In yara za su riƙa taɓawa, a buɗe musu nasu asusun daban wanda ba zai iya loda manhaja ba.

Tsohuwar fa?

Kada ta bar gidanka da faifanta a ciki. Hotunan iyali, kwafin NIN, takardun banki da na makaranta duk suna nan ko da kwamfutar ba ta tashi, kuma duk wanda ya cire faifan zai iya karantawa. Ka sa mai gyara ya cire maka shi a gabanka, ka sayi ɗan gidan faifai mai wayar USB, ka kwashe kayanka zuwa sabuwar, faifan kuma ya zama wurin ajiyar kwafi na biyu. In faifan a kulle yake, ya nemi mabuɗin BitLocker, wato kullen da Windows ke sa wa faifai, ka duba asusunka na Microsoft, galibi can yake.

Gangar jikin kuwa, kafin ka miƙa wa 'yan gwangwan su auna a kilo, ka nuna wa mai gyara. Sikirin mai lafiya, da kibod, da ram, da caja kowanne na da kuɗinsa daban, kuma wasu masu shago na karɓar tsohuwa su rage maka a farashin wadda za ka ɗauka. In haka za ka yi, ka gama cinikin sabuwar tukuna kafin ka fito da tsohuwar daga jaka.